Fashin Baƙi: Matsin da Ke Kan Ɗalibin Jami'a a Sakkwato, da Inda Nadamarsa Ke Somawa

Tambaya ɗaya ce ke jiran ɗalibi duk ranar da ya sauka gida hutu, ko gidan nasu yana Mabera ne, ko Tambuwal, ko Illela: "Yaya karatu?" Amsar ma ɗaya ce. Wanda ke jan ragamar ajinsu zai ce alhamdu lillahi. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba zai ce alhamdu lillahi. Wanda sunansa ke dab da fitowa cikin waɗanda za a kora daga makaranta, shi ma haka zai ce. Godiya ga Allah wajibi ce, ba a kanta nake ƙorafi ba. Abin da ke damuna shi ne daga nan maganar take mutuwa. Ba mai ƙara tambaya, ba mai ƙara bayani, sai bayan shekara huɗu ko shida a ga saurayi ko budurwa sun fito da takarda a hannu da ƙunci a zuci.

Matsin da ke kan ɗalibi gaskiya ne, yana da nauyi, kuma mafi yawansa ba shi ya jawo wa kansa ba. Amma a ganina abin da ke mayar da matsi nadama shi ne saɓanin lokaci. Wahalar tana sauka ne tun shekarar farko, bayanin yadda za a tsira daga gare ta kuwa sai a shekarar ƙarshe yake isowa, lokacin da alƙalami ya riga ya bushe. Tsakanin waɗannan lokuta biyu babu komai sai shiru: shirun ɗalibi saboda kunya, da shirun na gida saboda ba su san abin da ya kamata su tambaya ba.

Mu fara daga bakin ƙofa. Sakkwato gari ne na ɗalibai. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a sauya mata suna a 1988. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da makarantar horar da malamai ta Shehu Shagari, ga kuma makarantun koyon aikin jinya da na lafiya. Ɗalibai na zuwa daga Kabi da Zamfara da Neja da Kwara, har da ƙasar Yarbawa. Amma shiga makaranta daban, samun kwas ɗin da ake so daban. Yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka a fannin likitanci ba ita kaɗai ke yanke shi ba, majalisar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade mata adadi gwargwadon malamai da gadajen asibiti da kayan aikin da take da su. Haka abin yake a fannin lauya. Saboda haka duk shekara ɗimbin yaran da suka cike likitanci a fom ɗin JAMB sukan tsinci sunayensu a nazarin halittu, ko sinadarai, ko tsangayar ilimi.

Yaro ya karɓa, yana cewa "in na shiga zan canza." A gida kuwa tun kafin ya yi rijista an fara kiransa Likita. Ga inda tarkon yake: canjin kwas, inda ake yarda da shi, yana buƙatar sakamako mai kyau ƙwarai a aji ɗaya. Wanda ya shiga kwas yana ƙinsa ba ya ba shi zuciyarsa, yana zuwa lakca ne da jiki kawai. Ƙarshen shekara sai ya rasa makin da zai fitar da shi daga wurin da ba ya so, ya kuma rasa makin da zai sa zamansa a wurin ya yi albarka. Ya yi biyu babu. Da wani ya zaunar da shi a makon farko ya ce masa hanyar fita daga kwas ɗin nan ita ce ka ci shi da kyau, da labarin mutane da yawa ya sauya.

Sai batun harshe, wanda ba a cika son faɗa ba. Yaron da ya fito daga sakandaren gwamnati ta ƙauye zai iya zuwa da kiredit a Turanci amma kunnensa bai saba da sauraron bayanin awa biyu da Turanci ba, a babban ɗakin lakca mai cin ɗaruruwan mutane, inda na baya ba ya jin malam sosai. Ba zai ɗaga hannu ba, don kada a yi masa dariya. Sai ya koma ga abin da ya iya tun yana ƙarami, wato hadda. Yaran ƙasar nan Allah ya hore musu kaifin hadda, makarantar allo ta horar da su a kai, kuma baiwa ce babba. Tana fitar da mutum a aji ɗaya, inda tambayoyi kan tsaya kan kawo ma'ana da jero abubuwa. A aji uku, inda malam zai ce kwatanta, ko warware, ko kawo hujjarka, haddar handawut ba ta isa. Ɗalibin sai ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe, alhali salon karatun ne ya kamata ya sauya tun da wuri.

Yanzu ga abin da na fi so kowane ɗalibi da kowane uba su fahimta, domin nan ne nadama ta fi yin kwanciya: lissafin CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara a duk karatunsa. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 an faɗi, sifili. Kowane darasi kuma yana da nauyinsa, wani raka'a biyu, wani uku, don haka faɗuwa a darasi mai nauyi ta fi ciwo. Ana tara wannan duka tun daga zangon farko har na ƙarshe a fitar da matsakaici. Wanda ya kai 4.50 ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne babbar daraja ta biyu, abin da ɗalibai ke kira tu-wan, daga 2.40 zuwa 3.49 kuma ƙaramar daraja ta biyu, wato tu-tu.

Mu ɗauki kwas na shekara huɗu, mu ƙaddara nauyin darussan kowace shekara daidai yake. Ɗalibi ya yi wasa da aji ɗaya, ko rashin lafiya ta kama shi, ko ya makara wajen rijista saboda kuɗi, ya tashi da 2.00. Idan yana son tu-wan, dole ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage, wato ya zama ɗan B a komai ba tare da tuntuɓe ba. Idan ya maimaita 2.00 a aji biyu, to sai ya ci A a kowane darasi na aji uku da aji huɗu kafin ya taɓa 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta tafi tun shekarar farko, domin ko ya ci A zalla a sauran shekaru ukun, 4.25 zai tsaya. Lamarin kamar mai zuba gero ne a buhun da tsakuwa ta riga ta shiga ƙasansa: duk tsabar da ya ƙara daga baya, tare da tsakuwar za a auna.

Kariyoba kuma, wato maimaita darasin da aka faɗi, tana da nata sharrin. Darasin da aka faɗi yana shiga lissafi da sifilinsa, sannan a dawo a sake ɗaukarsa a shekara ta gaba, a kan darussan sabon aji, sau da yawa lokacin lakcarsa na cin karo da na wani. Idan suka taru suka wuce abin da ake yarda ɗalibi ya yi rijista a zango ɗaya, sai ƙarin shekara, abin da ɗalibai ke kira sifiloba. Ita ma tana da iyaka, domin ƙa'idar da aka saba ita ce kwas na shekara huɗu ba ya wuce shekara shida. Duk wannan a rubuce yake cikin littafin ƙa'idojin da ake ba sababbin ɗalibai. Amma a makon da ake bayaninsa, yaro yana can yana layin banki, yana neman gado a hostal, ko ma bai iso garin ba saboda ana haɗa masa kuɗin mota. Sai a aji uku zai zauna da biro ya yi lissafin da na yi a sama, ya ga abin da ya riga ya wuce.

Me ke sa aji ɗaya ya lalace? Mutane kan yi saurin cewa sakaci da sabon 'yanci. Akwai wannan, ba na musu. Amma wanda ya zauna da ɗalibai ya san yunwa ta fi sakaci ɓarna.

Dattawan da suka yi jami'a a da suna tuna zamanin tikitin abinci, lokacin da ɗalibi zai shiga ɗakin cin abinci sau uku a rana. Zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ta samo asali ne daga ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini. A shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwar gaba ɗaya. Uban da ya yi karatu a wancan zamani, ko ya ji labarinsa, yana iya ɗauka har yanzu makaranta na ɗauke wa ɗansa wani abu. Ɗalibin yau kuwa da lambobi yake bayyana cin abincinsa: 1-0-1 na nufin safe da dare, 0-1-0 rana kaɗai, 0-0-1 sai dare. Garin rogo da ƙuli-ƙuli, garau-garau da mai da yaji, awara ta naira kaza, ko fura idan an samu. Wanda ya shiga lakcar ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, cikinsa babu komai sai ruwan leda, ba a yi masa adalci ba idan aka ce rashin mayar da hankali ne ya sa bai fahimta ba. Da dare kuma ɗaki ya ɗauki zafi, a fito da katifa waje, sauro ya karɓi aiki, zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya a tsakiyar gwaji.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wannan ya fi taɓa ɗalibin Sakkwato fiye da yadda ake zato, domin mazaunin dindindin na Jami'ar Ɗanfodiyo yana wajen gari ne, sai an tsallake fadamar Rima ta wajen Kwalkwalawa. Mutanen garin ba su manta ambaliyar 2010 ba, lokacin da ruwa ya cinye gadar hanyar ya raba jami'ar da gari. Gadajen kwana ba sa isar kowa a kusan dukkan manyan makarantun ƙasar nan, don haka da yawa suna zaune a cikin gari ko a ƙauyukan da ke kewaye. Kullum sai an hau kabu-kabu ko keke Napep zuwa inda ake shiga bas, a yi layi, a biya, a dawo haka. Akwai ranar da ɗalibi zai tsaya da kuɗi a hannu yana zaɓe tsakanin mota da abinci. Idan ya zaɓi abinci ya rasa lakca, ga kuma ƙa'idar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darasi kafin ya cancanci zama jarrabawa. A shekarar da man ya tashi ne kuma jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rijista.

Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi ɗan gabashin jihar nan a bakin wani masallaci bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinsa ne, kuma muryar na fitowa har ina ji.

"Mi al labari? Kuɗɗin da anka aiko ma sun isa?"

"Awo Baba, sun isa."

"To madalla. Ka yi hanƙuri da abin da ad akwai, bana ba mu samu noma gonar daji ba."

"Ba komi Baba, Allah shi ƙara girma."

Da ya kashe wayar sai ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya na fahimci kuɗin sun ƙare tun mako biyu da suka wuce, a wajen abokin ɗakinsa yake cin abinci. Ban ga laifinsa ba. Yaya zai buɗe baki ya nemi ƙari daga mutumin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa? Ɗaliban Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, da 'yan uwansu na Zamfara, suna ɗauke da kayan da ba a gani a takardar sakamako. Wani yana cikin ɗakin jarrabawa, hankalinsa na can wajen ƙaninsa da ake tara kuɗin fansarsa. Wani hutu ma ba ya zuwa gida, saboda hanyar.

Rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024 aka kuma buɗe shafin nema a watan Mayu, ya rage wa mutane da yawa raɗaɗi. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya kamata a riƙa nanata wa iyayen da ke gudunsa saboda tsoron riba. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi ko abin da mutum ke samu. Sai dai naira 20,000 idan aka raba ta kwana talatin ba ta kai 700 a rana ba. Taimako ce, amma ba ta ɗauke wa gida nauyin ɗansu ba, kuma bashi ce da ke jiran mutum a gaba.

Bayan kuɗi sai shekaru. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen korona. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Tushen rikicin yana komawa ga yarjejeniyar 2009 tsakaninta da gwamnatin tarayya. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku, kuma ba ɗalibin da aka nemi shawararsa. Da aka dawo sai aka matse zangunan karatu don a cike giɓi, abin da ya kamata a koyar cikin wata huɗu aka dunƙule shi a ƙasa da haka.

A wajenmu wannan asara tana da ƙarin ɗaci, saboda yaranmu da yawa ba sa shiga jami'a da wuri. Wani sai da ya sauke Alƙur'ani aka sa shi boko. Wani ya maimaita jarrabawar kammala sakandare yana neman kiredit a Turanci da lissafi. Wani ta karatun share fage ya biyo, wani sai da ya gama NCE ko difloma sannan ya shiga aji biyu. Dokar hidimar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta ce wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala karatu ba zai tafi ba, takardar yafewa za a ba shi. Alawus ɗin masu hidima yanzu naira 77,000 ne a wata, wanda a shekara ya kai 924,000. Ga ɗan talaka wannan jari ne, shi ne kuɗin farko da zai riƙe da sunansa. Yajin aiki ɗaya da sifiloba ɗaya sun isa su raba shi da shi.

'Ya mace kuwa agogonta daban ne. Ita ba hukuma ke ƙirga mata shekaru ba, dangi ne. Ta je biki, gwaggo ta riƙe mata hannu: "Ke ɗiyag ga, yaushe za ki ƙare wanga boko? Tsararki duk sun yi ɗiya bibbiyu." Da yawa sukan yi aure a tsakiyar karatu, kuma ba aibu ba ne, na ga waɗanda auren ya zame musu natsuwa har sakamakonsu ya gyaru. Matsalar tana zuwa ne idan ba a yi maganar karatun dalla-dalla kafin ɗaurin aure ba: wa zai biya rijista, wa zai riƙe jariri ranar jarrabawa, me za a yi idan haihuwa ta faɗo a tsakiyar zango. "Zan bar ta ta ci gaba" magana ce mai sauƙi a bakin mai neman aure. Akwai kuma wadda wani mai iko da makinta ya matsa mata da abin da bai dace ba, ta rasa wanda za ta gaya wa, domin ta san tambayar farko da za a yi mata a gida ita ce me ya kai ta ofishinsa, kuma hukuncin farko shi ne a cire ta daga makarantar. Abin takaici ne a ce haka na faruwa a garin Nana Asma'u, wadda tun ƙarni na 19 ta tsara 'Yan Taru don ilimi ya isa ga mata har cikin ƙauyuka.

Mutumin da aka matse ta ko'ina zai nemi mafita, kuma mafitar da ta fi kusa ita ce ta fi cutarwa. A 2024 mun ga yadda ɗalibai suka duƙufa kan mainin a waya, wato haƙar kuɗin intanet, ana ta danna allo dare da rana ana jiran fashewa, ranar da abin da aka tara zai zama kuɗi, wasu har a cikin lakca. Akwai cacar ƙwallo, wadda ke cinye kuɗin rijista cikin dare ɗaya. Akwai ƙwayoyin hana barci da na gusar da damuwa. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma taramol da 'yan uwansa ba su ɓace ba. Akwai kuma shiga jarrabawa da 'yar takarda, wadda hukuncinta kora ne, ko da mutum yana zangonsa na ƙarshe. Ba ina wanke kowa ba ne. Wanda ya aikata ya aikata, kuma shi zai ɗauki sakamakon. Amma kusan duk wanda ka bincika za ka tarar akwai wata damuwa da ta riga wannan zuwa, wadda bai gaya wa kowa ba.

Ita kanta damuwar ba mu ba ta matsayin ciwo ba. Ɗalibi ya daina barci, ya daina wanka, ya rufe kansa a ɗaki, ya daina zuwa aji. Abokai su ce ya cika zurfin ciki, na gida su ce sammu ne ko iska, wani ya ce ƙarancin tawakkali ne. Addu'a da ruƙiyya suna da gurbinsu a rayuwar Musulmi, ba mai ja da wannan. Amma neman magani ma umarni ne na addini, kuma muna da asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware, ga asibitin koyarwa a cikin gari. Tsoron kada a ce wane an kai shi Kware ya sa matasa da yawa sun rasa shekarar karatu, wasu sun rasa fiye da haka.

Idan ka zauna da waɗanda suka gama, nadamarsu kan kasu gida biyu, kuma sukan cakuɗa su. Akwai abin da ba ya hannunsu: yajin aiki, tsadar rayuwa, rashin tsaro, kwas ɗin da aka ba su. Abin mamaki, a kan waɗannan ne suka fi zargin kansu, suna ganin sa'o'insu sun yi gaba sun bar su, kamar su suka rufe jami'a. Sannan akwai abin da yake hannunsu, wanda ba su cika ambata ba sai hira ta yi nisa. Wani zai ce wata goma sha bakwai ya yi a gida yana jiran a janye yajin aiki, bai koyi ɗinki ba, bai koyi gyaran waya ko haɗa sola ba, bai bi kawunsa kasuwar albasa ba, kullum yana cewa mako mai zuwa za a koma. Wani zai ce ya gama digiri bai iya rubuta wasiƙar neman aiki ba, bai iya sarrafa kwamfuta ba, kundin bincikensa ma biya ya yi aka rubuta masa. Wani zai ce babu malami ɗaya da ya san shi da suna, yanzu ga shi yana neman wanda zai rubuta masa takardar shaida don neman tallafin ƙaro karatu. Wani ya yi shekara huɗu bai yi aboki ko ɗaya da ba ɗan garinsu ba, alhali ɗakinsu akwai Bayarabe da Banufe da Bazabarme.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta waɗanda suka zo daga nesa. Mutum ya yi shekara biyar a Sakkwato, garin da zaurukan malamai ke buɗe bayan asuba da bayan magariba ba a karɓar ko kwabo, ya koma gida bai sauke ko ƙaramin littafin fiƙihu a gaban malami ba. Bai taɓa shiga cibiyar adana tarihi ta Waziri Junaidu ba, Hubbare ma sai labari. Yana cewa ba lokaci, amma da ya waiwaya sai ya ga lokacin yana nan, a hira da waya ya tafi.

Raba waɗannan biyun yana da amfani, domin kashi na farko na buƙatar a yi wa gwamnati da hukumomi magana da babbar murya, kashi na biyu kuwa ana iya tare shi tun aji ɗaya da abubuwan da suke nan a makaranta ba a amfani da su. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da rijistar ɗalibansa da ba su shawara, wanda ɗalibai ke kira kodineta, amma da yawa ba sa zuwa wajensa sai ranar sa hannu. Akwai damar ajiye darasi ko ƙara shi a farkon zango, don kada mai kariyoba ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ba. Akwai dakatar da karatu a hukumance: wanda rashin lafiya, ko haihuwa, ko rashin kuɗi ya ci ƙarfinsa zai iya rubuta takarda ta hannun shugaban sashensa ya nemi a ɗage masa zango ko shekara. Wanda ya yi haka zai dawo ya tarar da makinsa yadda ya bar shi. Wanda ya ɓace ba takarda kuwa, sifili za a jera masa a duk darasin da ya yi wa rijista.

Su ma iyaye da yayye akwai abin da ya fi "yaya karatu" amfani. Uba ko da bai yi boko ba zai iya cewa a buga masa sakamakon zangon farko a kawo, ya nemi wani ɗan uwa da ya san kan abin ya karanta masa, ba don a yi faɗa ba. Zai iya tambayar nawa ne kuɗin mota a rana, sau nawa ake cin abinci, darasi nawa aka faɗi. Yaron zai yi nauyin baki a karon farko, musamman idan ya san halin da gida ke ciki, shi ya sa wani lokaci kawu ko babbar yaya sun fi uba dacewa da wannan tambaya. Lokacin yinta kuma shi ne hutun farko na aji ɗaya, sa'ad da 2.00 take sakamakon zango guda tak, kuma sauran zanguna bakwai suna gaba.